Ɗigon da Kyamarar Yayana Ba Ta Gani Ba



Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wani ɗan katin memori da nake ajiye da shi cikin ambulan a ƙasan akwatin littattafaina tun shekarar 2005. Faɗinsa bai fi kan sarkin da ake manna wa wasiƙa ba, kuma abin da yake iya ɗauka duka-duka megabait 32 ne, wanda a yau da ƙyar zai ishi hotuna goma na wayar da ke hannunka. A cikinsa akwai hotuna 418, kuma duk cikinsu babu fuskar mutum ko ɗaya. Shafukan littafi ne, littafin da yanzu babu shi a bayan ƙasa. Na kwafe su zuwa kwamfuta da wasu wurare tuntuni, amma katin kansa na kasa rabuwa da shi.

Littafin kuwa Maƙamatul Hariri ne na kakana, mahaifin mahaifina, Allah Ya jiƙansa Ya kyautata makwancinsa, wanda mu jikoki da almajiransa duk Malam muke ce masa. Duk wanda ya zauna a zaure ya san matsayin wannan littafi a fannin lugga. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya tsara maƙama hamsin a kan wani tsoho mai wayo da kaifin harshe, wato Abu Zaid as-Saruji, ya cika su da baƙin kalmomin Larabci har ya zamanto ba a karanta su sai a gaban malami. Matanin littafin ba abin wahalar samu ba ne, domin in ka shiga wajen masu littattafai a kasuwar Kurmi za ka sami bugaggensa. Abin da ba ka samu a ko'ina shi ne abin da Malam ya rubuta da siririn alƙalami a tsakanin layuka da gefen shafi, wato fassarar kalmomi da ajami, kamar yadda ya ji daga bakin malamansa, ya kuma riƙa ƙarawa cikin shekaru fiye da arba'in da ya yi yana karantarwa. Wata Hausar da ke ciki yanzu ba a yin ta: sunayen tsirran daji, da kayan doki da na raƙumi, da kalmomin masu haƙar rijiya da na fatake.

A lokacin ina ɗan shekara goma sha takwas, na gama sakandare ina jiran shiga jami'a, kaina cike da ganin cewa tsofaffi ba su san darajar abin da ke hannunsu ba. Na roƙi Malam ya ba ni littafin in kai shagon fotokwafi, ya ce faufau. Littafin warwatsattsun takardu ne a cikin tadarishi, ba a ɗinke suke ba, kuma akwai wani almajiri da ya taɓa ara ya dawo da shi babu waraƙa shida, tun daga nan Malam ya ɗauki alwashin ba zai ƙara tsallake ƙofar zaure ba. Ya ce mini, "Kai abokina, in son littafin kake yi, ga buzu nan, zauna ka karanta. Shekara uku ta ishe ka." Ni kuwa shekara uku a wurina a lokacin kamar har abada ce. Sai na tuna da wayar Yayana.

Matasan da suka buɗe ido suka ga kyamara a jikin kowace waya ba za su gane irin mamakin da abin ya ba mu ba. Layukan GSM sai a shekarar 2001 suka fara aiki a Nijeriya, kuma wayoyin farko kira kawai ake yi da su da aika saƙon tes. A ƙarshen shekarar 2000 kamfanin Sharp ya fitar da J-SH04 a Japan, ɗaya daga cikin wayoyi masu kyamara na farko-farko, sannan Nokia ta fitar da 7650 a 2002, ta biyo da 6600 a 2003. Abin ya tayar da hankalin hukumomi da malamai a wurare da dama, har Saudiyya ta hana sayar da irin waɗannan wayoyi a shekarar 2004 saboda ɗaukar hotunan mata a ɓoye, kafin ta janye hanin a ƙarshen shekarar. Yayana 6600 ɗin ya saya, ta hannu, wata ƙatuwa mai kumatu kamar sabulun wanka, kuma a layinmu babu mai irinta. Sai da na yi masa wanki da guga na mako biyu kafin ya yarda ya ba ni aronta ranar Alhamis da Juma'a, ranakun da ba a karatu a zaure.

Malam ya juya wayar a hannunsa, ya leƙa ramin kyamarar, ya ce, "Wannan ɗan idon ne zai haddace Maƙama?" Sannan ya kafa mini sharaɗi biyu: littafi ba zai fita ba, kuma kada in kuskura in ɗauki fuskarsa, domin shi yana kan fahimtar malaman da suka hana hoton abu mai rai. Na san malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kuma nan ba wurin wannan bahasi ba ne; abin da na sani shi ne sharaɗin mai littafi ne, na kuma cika shi. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar zaure inda haske yake shigowa, shi yana buɗe shafi yana danne gefensa da babban yatsa saboda iskar damina, ni ina tsaye a kansa ina latsawa. Ba wuta a unguwar, don haka sau uku ina zuwa wajen mai caji da janareta. Bayan La'asar ta ranar Juma'a Yaya ya zo ya karɓi abarsa, muna tsakiyar maƙama ta arba'in.

Akwai wani abu da ya faru ranar Alhamis da hantsi wanda na ɗauke shi wasa. Malam ya ga ina matsawa ina ja da baya ina ƙunƙuni, ya tambaye ni dalili, na ce in na matso kusa rubutun dushewa yake yi. Sai ya yi dariya ya zare tabaransa ya miƙo mini, ya ce, "To ai ciwonmu ɗaya da ita, ara mata wannan." Don in biye masa na kara gilashin a gaban idon kyamarar na ɗauki shafuka goma sha ɗaya, sannan na mayar masa da abinsa, domin riƙe waya da tabarau a lokaci guda yana rage mini sauri, ni kuwa sauri nake yi.

A allon wayar komai ya yi mini daidai, saboda allon ƙarami ne ainun, ɗan abin da yake nunawa bai isa mutum ya gane aibi ba. Sai bayan mako guda da na je shagon intanet aka buɗe mini hotunan a kwamfuta gabana ya faɗi. Manyan layukan matani ana iya bin su da ƙyar. Ajamin Malam kuwa, wanda dominsa na yi wahalar, ya zama kamar sawun kiyashi a kan jiƙaƙƙen yashi.

Daga baya, da na shiga jami'a na sami masu yi mini bayani, na fahimci lissafin. Hoton na'ura ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira fiksel, a jere suke kamar ɗinkin hula, kowace ƙwaya da launinta ɗaya tak. Kyamarar wannan waya ƙwaya 640 take jerawa a tsawo, 480 a faɗi, jimla 307,200, wato bai kai sulusin megafiksel ɗaya ba. Shafin littafin Malam tsawonsa wajen santimita 22 ne, to ko da shafin ya cika hoton maƙil, kowace santimita ƙwaya 29 take samu, kowace milimita kamar uku. Ɗigon siririn alƙalamin Malam bai fi rabin milimita ba, ka ga ke nan rabonsa ƙwaya ɗaya ne ko biyu. Na'urar sikana da ake ɗaukar takardu da ita a ma'auni na 300 tana ba kowace santimita ƙwaya 118, ninki huɗu ke nan a kowane ɓangare. Sannan tsarin JPEG da wayar ke matse hoto da shi don ya yi sauƙin ajiya yakan yanka hoton gida-gida, ƙwaya takwas sau takwas, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ake ganin ido ba zai kula da su ba. A fuskar mutum ko jikin mota wannan ba hasara ba ce. A shafin Larabci kuwa abin da aka zubar ɗin shi ne karatun.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Idon kyamarar a kafe yake, ba ya matsawa ya daidaita kansa da nisan abu kamar na wayoyin yanzu. An saita shi ne don mutum ko gini da ke can gaba, duk abin da ya matso ƙasa da kamu ɗaya ko biyu sai ya dushe. In na ja baya rubutu ya ƙanƙance, in na matso ya narke. Tabaran tsofaffi kuwa aikinsa ke nan, ya jawo gani kusa: gilashi mai lamba 3 yakan sa idon da aka saita don nesa ya ga abin da ke wajen santimita 33 tangaram. Shafuka goma sha ɗayan nan da na ɗauka don in faranta wa Malam rai su ne mafi kyau a cikin 418, kusan kowace kalma ta ajami tana karantuwa a cikinsu. Ashe tsohon da ban ɗauka ya san komai game da na'ura ba shi ya gano cutar ya kuma ba da maganin, ni mai boko na mayar masa da maganin saboda gaggawa.

Ban ga laifin wayar ba, domin ba don littafi aka ƙera ta ba, kuma abin da aka yi ta dominsa ta yi shi. Da ita Yaya ya riƙa ɗauko wa mahaifiyarmu hoton atamfa daga Kantin Kwari ta zaɓa tana zaune a ɗakinta, da ita aka ɗauki jaririn yayarmu aka kai wa dangi a ƙauye suka gani, kuma ranar da wata mota ta goge masa babur ta gudu, hoton launinta da ƙirarta ya taimaka, ko da yake lambar ba ta fito ba. Duk abin da ake gane shi da siffa da launi, a hasken rana, ta isar. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a wannan shekarar ta 2005 ɗin Sony Ericsson ta fitar da K750i mai megafiksel 2, wadda idonta ke daidaita kansa har ma tana da tsarin ɗaukar abu na kusa, kuma a 2007 Nokia N95 ta zo da megafiksel 5. Na ce a raina zan sake ɗauka in na sami irin waɗannan. Malam ya rasu a 2006. A watan Agustan 2007 aka kwana ana ruwa, azarar ɗakin da aka tara littattafansa ta karye, rufin ƙasa ya rufto a kansu, abin da ruwa ya bari kuma gara ta riga ta gama da shi, don an fi shekara ba a buɗe ɗakin ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tadarishin kawai na tsinta.

Wanda bai yi karatun allo ba zai iya cewa, to mene ne ɗigo ɗaya? A rubutunmu na Warshu, irin na Magariba, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin bugun Gabas inda fa ke da ɗaya a sama ƙaf ke da biyu. Saboda haka a ajamin Malam “fara” da “ƙara” jikinsu ɗaya ne, wurin zaman ɗigo kaɗai ya raba su, haka “fasa” da “ƙasa”. Ba da ta da ya kuwa a farkon kalma haƙori ɗaya ne, in ɗigo ya ɓace ba ka san ko “bara” aka rubuta ko “tara” ko “yara” ba. Ga kuma imala, ɗigon da ake sawa ƙarƙashin harafi don wasalin e, wanda in ya dushe sai ya rikice da ɗigon ba ko na fa. Magabata sun san wannan haɗari tun da daɗewa, suka ba shi suna tas'hifi. Abu Ahmad al-Askari ya wallafa littafi sukutum a kan kurakuran da masu ruwayar hadisi suka yi ta wannan hanya, Ibnu Hajar kuma ya bambance wanda ɗigo ya canza a cikinsa da wanda wasali ya canza. Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Abubakar as-Suli, babban masanin adabi, wanda ya zo shiftar hadisin azumin Shawwal ya karanta “sittan”, wato kwana shida, a matsayin “shai'an”, wato wani abu. In wannan ya sami mai littafi a gabansa da idonsa biyu, ina ga mai hoton ƙwaya ɗaya da rabi?

Wani abin dariya mai kama da kuka shi ne, Hariri kansa gwanin wasa da ɗigo ne. A maƙama ta 26 ya kawo wasiƙar da harafi ɗaya ke da ɗigo na bayansa babu, haka har ƙarshe, a ta 28 kuma, wadda ake kira ta Samarƙandi, ya sa Abu Zaid ya hau mumbari ya yi huɗuba cikakkiya babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta. Wannan huɗuba ita ce wurin da matani ya fi karantuwa a hotunan da na ɗauka ba tabarau, kamar dai tun ƙarni na shida mutumin Basra ya tausaya wa wayar Yayana.

A shekarar 2023 wani ɗalibina na ajin manya a Islamiyya, yaro mai ƙwazo da sanin na'ura, ya ji ina ba da wannan labari, ya ce, "Ya Sayyadi, ai yanzu an wuce nan, akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke gyara tsohon hoto ya dawo sabo." Na ba shi shafi biyar. Washegari ya kawo su fes, baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari, har sai da ƙwalla ta cika mini ido don na zaci hannun Malam ne ya dawo. Da na zauna karantawa sai na ga wasu kalmomin ba Larabci ba ne ba kuma Hausa ba, siffar haruffa ce kawai mai kyan gani. Sannan a layi na huɗu na ci karo da harafi ɗauke da ɗigo biyu a sama irin ƙaf ɗin bugun Gabas, abin da alƙalamin Malam bai taɓa rubutawa ba tsawon ransa. Irin wannan manhaja ba ta tono abin da ya ɓace, domin abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu shi a cikin hoton. Kintace take yi daga dubban hotunan da aka horar da ita a kansu, ta cike gurbi da abin da ya fi kama da daidai. Dusasshen hoton aƙalla yana gaya mini inda bai sani ba. Wannan kuwa ya ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba, da kyakkyawan rubutu. Na gode wa yaron, na kuma roƙe shi ya goge su daga wayarsa, don kada wata rana su yaɗu a ce ajamin Malam ne.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. A wajen wata ta'aziyya na haɗu da wani dattijo cikin tsofaffin almajiran Malam, wanda ya sauke Maƙama sau biyu a gabansa tun kafin a haife ni, yanzu yana limanci a wani ƙauye a hanyar Bichi. Na kai masa ziyara da kwamfutata, na buɗe shafin farko na ƙara masa girma, ina jin kunyar abin da nake nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan wani baƙin tabo a gefen layi, ya faɗi kalmar Larabcin da ke ƙarƙashinsa, ya faɗi fassararta da irin lafazin Malam da jan muryarsa, har sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Baba, ya aka yi kuka karanta wannan?" Ya ce, "Ɗana, ba karantawa na yi ba. Na ga tsawon kalmar da inda ta zauna, sai kunnena ya tuna." Tabon da ya shekara goma sha takwas bai ce mini komai ba, shi ya ishe shi, saboda ya taɓa jin abin daga baki.

Malaman hadisi suna da suna ga halin da nake ciki, wijada, wato mutum ya tsinci rubutun wani ba tare da ya ji daga gare shi ba, kuma ba su yarda ya ce “ya ba ni labari” ba, iyakarsa ya ce “na samu da rubutun wane”. Ni ko wannan darajar ban cika ba, tunda inuwar rubutun na samu. Don haka da muka fara aikin sai na sayi bugaggen Maƙama mai faɗin gefe da biro kala uku. Abin da idona ya karanta a hoto ba shakka ina rubuta shi da baƙi, abin da Baba ya tuna kuma siffar tabon ta yi daidai da shi da shuɗi, abin da muka yi zato kawai da ja, da alamar tambaya a gabansa. Akwai wuraren da yakan yi shiru ya girgiza kai ya ce wannan bayan zamaninsa Malam ya ƙara shi, sai mu bar gurbin fari. Jan ya fi yadda nake so yawa.

Kusan duk ranar Alhamis nakan hau mota in je, mu yi shafi uku ko huɗu tsakanin Azahar da La'asar, gwargwadon ƙarfin jikinsa, don ya haura tamanin kuma idonsa na dama ya fara yana. Mun kai maƙama ta 31. A makon da ya wuce muna cikin aiki ya ce in dakata, in matsar da hoton zuwa kusurwar ƙasa ta hagu. Babban yatsan Malam ne a wurin, ya danne gefen takarda, da ɗan baƙin tawada a gefen farce. Shi dai kyamarar ta ɗauke shi sosai, tunda babba ne. Baba ya daɗe yana dubansa bai ce komai ba, sannan ya yi masa addu'a, ya goge idonsa da bakin rawani, ya ce in buɗe shafi na gaba.